Wa Ke Cin Kuɗin Waƙa?

A 'yan shekarun nan wata magana ta taso tsakanin masu sha'awar kiɗa da waƙa a ƙasashen Turai da Amurka, ga shi kuwa har ta fara isowa gare mu. Maganar ita ce wai mutane su daina biyan kamfanonin nan masu ba da hayar waƙa ta intanet, su koma sayen waƙa a hannun masu ita. Mun ga ya kamata mu duba wannan al'amari tare da masu karatunmu, tun ba ma akawuna da malaman makaranta ba, gama su ne masu karɓar albashi a ƙarshen wata, su ne kuma sauran jama'a ke duban abin da suka yi don su yi koyi. A ganinmu masu wannan kira suna da gaskiya, amma fa da sharaɗi guda, kuma sharaɗin nan ya fi nauyi a ƙasarmu bisa can inda maganar ta fito.

Bari mu fara bayyana abin, don amfanin wanda bai saba da shi ba. Turawa suna kiransa da wata kalma tasu mai ma'anar gudanar ruwan ƙorama. Mu dai za mu kira shi sauraron haya, don wannan suna ya fi nuna halinsa. Mutum zai riƙa biyan kamfani wani abu ko wane wata, ko kuwa ya yarda a riƙa katse masa jin daɗi da tallace-tallace, sa'an nan a buɗe masa rumbu mai ɗauke da waƙoƙi fiye da miliyan 100, ya ji wadda ya ga dama, sa'ad da ya ga dama. Amma ko ɗaya daga ciki ba tasa ba ce. Ran da ya daina biya, abin da ya adana a wayarsa ya kulle. Ran da kamfani ya saɓa da mai waƙa, sai a ɗauke ta ba ko sallama. Babba cikin waɗannan kamfanoni shi ne Spotify, wanda Daniel Ek da Martin Lorentzon suka kafa a ƙasar Suwidin cikin 2006, ya fara aiki cikin 2008, ya iso Nijeriya cikin watan Fabrairu na 2021. Akwai kuma Apple Music da Deezer, da Boomplay da Audiomack waɗanda samarinmu suka sani ƙwarai.

Ba za mu ƙi faɗin alherin da wannan tsari ya yi ba. Tun daga 1999, sa'ad da aka fito da Napster, wata hanya da mutane ke musayar waƙoƙi kyauta ta kwamfuta, cinikin faifai ya shiga ja da baya shekara bisa shekara, har wajen 2014. Sauraron haya ne ya tsamo sana'ar daga rijiya, don ya sa biya ya fi sata sauƙi. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta duniya ta ba da lissafi cewa cikin 2024 cinikin waƙoƙin da aka ɗauka ya kai dala biliyan 29.6, kashi 69 cikin 100 kuwa daga sauraron haya suka fito. Spotify kaɗai ya ce a shekaran nan ya biya masu haƙƙin waƙa dala biliyan 10, kuma fiye da naira biliyan 58 daga ciki na waƙoƙin 'yan Nijeriya ne. Ta wannan hanya ce wata waƙar Rema, mutumin birnin Benin, ta wuce sauraro biliyan 1 cikin 2023, abin da faifan garmaho ko kaset ba za su taɓa yi masa ba.

To, in kuɗi sun kai haka, me ya kawo kuka? Amsar tana cikin yadda a ke rabo, kuma duk akawun da ya taɓa riƙe littafin kuɗi zai gane ta nan da nan.

Kamfani ya kan tara dukan abin da ya samu a ƙasa guda cikin wata, na masu biya da na talla, ya cire rabonsa, wajen sulusi, sauran sulusi biyu ya zuba a asusu guda. Sa'an nan ya ƙirga sau nawa aka saurari ko wace waƙa, muddin an ji ta daƙiƙa 30 ko fiye, ya raba asusun bisa wannan ƙidaya. Wanda waƙoƙinsa suka sami kashi 1 cikin 100 na dukan sauraro, shi ke da kashi 1 cikin 100 na asusu. Da jin haka sai mutum ya ce ai wannan adalci ne. Amma a duba da kyau. A ce ga wani malamin makaranta ya biya kuɗin wata, bai saurari kowa ba sai wani mai gurmi na garinsu, sau 60 cikin watan. A wani gari kuma ga mai shago ya bar na'ura tana ta juya waƙoƙin da ke tashe tun safe har dare, sau 6,000. Abin da suka biya ɗaya ne. In su biyun nan kaɗai ne a asusu, rabon mai gurmi bai cika kashi 1 cikin 100 ba. Watau kusan dukan kuɗin malam sun tafi ga mutanen da bai nemi jin muryarsu ba, wanda ya ɗebe masa kewa wata guda cur ya tashi da ɓawo.

Kamfanin ya kan ce shi ba shi da tsayayyen farashi na sauraro guda, gaskiya ne kuwa. Amma waɗanda suka raba abin da a ke biya da yawan sauraro su kan sami tsakanin dala 3 da dala 5 ga ko wane sauraro 1,000. A ƙasar da kuɗin wata ke da araha, asusun ma ƙarami ne. Sa'ad da Spotify ya iso Nijeriya naira 900 ya sa a wata, abin da bai kai dala 3 ba, alhali a Amurka a lokacin dala 9.99 a ke biya. Sabo da haka mawaƙin da masu sauraronsa ke Landan da Niyok ya fi samu nesa ba kusa ba bisa wanda masu sauraronsa ke Kano da Katsina, ko da yawan sauraronsu ya zo ɗaya. Mawaƙin Hausa kuwa ina jama'arsa su ke, in ba gida ba? Ƙari a kan wannan, tun daga watan Afrilu na 2024 Spotify ya kafa doka cewa faifan waƙar da bai sami sauraro 1,000 cikin wata 12 ba, ba za a biya shi kome ba. Hujjar kamfani ita ce 'yan kwabban nan ba su kan isa hannun mawaƙi ba, su kan maƙale a hannun dillalai. Ko da hujjar ta zauna, abin da aka yi dai shi ne an ɗebi na ƙanana an ƙara wa waɗanda suka fi su.

Har wa yau ɗan abin nan da a ke biya ba hannun mawaƙi ya ke fara shiga ba. Hannun mai haƙƙin faifai ya ke shiga, sau da yawa kuwa mai haƙƙin nan kamfani ne, kuma manyan kamfanoni uku, Universal da Sony da Warner, su ke riƙe da kaso mafi tsoka na cinikin waƙa a duniya. Mawaƙi ya kan karɓi abin da yarjejeniyarsa da kamfani ta yanka masa, bayan an cire bashin da aka ba shi tun farko. Cikin watan Yuli na 2021 wani kwamiti na Majalisar Dokokin Ingila, bayan ya yi wata da watanni yana sauraron mawaƙa da kamfanoni, ya fitar da rahoto cewa tsarin yana bukatar a sake shi tun daga tushe. Ya ba da shawara a ba masu waƙa haƙƙi irin wanda su ke da shi a kan kuɗin da gidajen rediyo ke biya a can, inda a ke raba su biyu daidai tsakaninsu da kamfanin faifai. Ashe dai ba a ƙasar Hausa kaɗai a ke samun kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ba.

Waɗansu mawaƙa sun gwada ficewa. Taylor Swift ta janye waƙoƙinta daga Spotify cikin 2014 a kan maganar biya, ta mai da su cikin 2017. Neil Young ya fita cikin 2022 a kan wani dalili dabam, ya dawo cikin 2024. Cikin 2025 kuma ƙungiyoyin makaɗa irin su Deerhoof da Massive Attack suka ba da sanarwar fita, sabo da wani kamfanin Daniel Ek ya jagoranci zuba kuɗin Turai yuro miliyan 600 a Helsing, kamfanin ƙera kayan yaƙi na Jamus. Abin lura a nan shi ne har waɗanda suka fi kowa ƙarfi su kan fita su komo, gama mai talla ba ya ƙaurace wa kasuwa. In za a sami gyara, daga wajen masu saye zai fito.

Masu sayen da suka fita, ina suka nufa? Da yawa sun nufi Bandcamp, wata kasuwa ta intanet inda mawaƙi ke kasa waƙoƙinsa, ya sa farashi da kansa, mai saye ya biya ya sauke su a na'urarsa su zama nasa har abada. Kasuwar ta kan ɗauki la'ada ta kashi 15 cikin 100, ta rage zuwa 10 in ciniki ya yi yawa, kuma tun daga watan Maris na 2020 ta kan ware waɗansu ranakun Juma'a ta yafe la'adar ɗungum. Ga lissafi ga mai son lissafi. Wanda ya sayi kundi mai waƙa 10 a kan dala 10, wajen dala 8 za su isa ga mai kundin. Kafin dala 8 su fito ta hanyar haya, in an ɗauki dala 4 ga sauraro 1,000, sai an yi sauraro 2,000, watau sai mutum ya ji kundin nan daga farko har ƙarshe sau 200. Wane ne cikinmu ya taɓa yi wa kundi guda haka? Waɗansu kuma sun koma ga faifan garmaho, har ya zamana cikin 2022 yawan faya-fayen garmaho da aka sayar a Amurka ya wuce na faifan CD, karo na farko tun 1987. Sai dai a tuna, wanda ya sayi tsohon faifai a hannun 'yan gwanjo ya sami abin adanawa, amma ko kwabo bai ba mawaƙi ba.

Yanzu mun zo ga sharaɗin da muka ambata. Baturen da ya bar sauraron haya yana da kantin faifai a unguwarsu, yana da katin banki da zai biya Bandcamp. Namu mutumin in ya bari, ina za shi? Kowa ya san amsa. Za shi bakin kasuwa ne wurin mai turi, yaron nan mai kwamfuta a kan tebur, ya miƙa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a cika masa katin waya da waƙoƙi ɗari bisa ɗari. Ko kuwa aboki ya turo masa ta WhatsApp. Wannan hali ba yau ya fara ba. A zamanin kaset akwai masu kwafa a ko wace kasuwa, da faifan CD ya zo aka ci gaba, har turi ya zo ya durƙusar da cinikin faifai da a da ya cika Ƙofar Wambai a Kano. Kamfanin haya, duk da laifinsa, yana biyan wani abu, ko da cikin cokali ne. Daga tebur ɗin mai turi kuwa, in ba inda aka yi wata yarjejeniya ta musamman ba, ba abin da ke komawa ga wanda ya kwana yana tsara baiti. Wanda ya bar haya don tausayin mawaƙa, sa'an nan ya je aka tura masa, ya gudu daga gara ne ya faɗa wa zago, ko kuwa mu ce ya jefa mawaƙin can. Irin wannan gara ya zauna inda ya ke, ya ci gaba da biyan kuɗin wata.

Kada wani ya ɗauka maganar 'yan kuɗi kaɗan ce kawai. Abin da ke ciki shi ne wace irin waƙa 'ya'yanmu za su tashi suna ji. A ƙasar Hausa tun asali mai jin waƙa da mai biyan waƙa mutum guda ne. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo iyayen gidansu ke ɗauke da su, da doki da riga da hatsi, su kuwa su wasa iyayen gidan. Makaɗan jama'a irin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Barmani Choge taro ke riƙe da su, kowa ya ji daɗi ya sa hannu a aljihu. Da ya ke hannuwan da ke ba Ɗan Maraya suna da yawa, ya sami sararin ɗaukar kuntiginsa ya yi wa yaran mota da sauran talakawa waƙa, ya yi gargaɗi a kan zaman aure da zaman duniya. Mawaƙin da waƙarsa ke cikin ko wace waya amma ba ta kawo masa kome, tilas ya nemi inda zai ci. Inda ya rage masa kuwa shi ne ƙofar ɗan siyasa, da ta attajiri, da gidan biki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mun sha jin malamai suna kukan cewa waƙoƙin zamani sun koma kirarin masu neman zaɓe da zambo ga abokan hamayyarsu. Kukan yana kan hanya, amma ya kamata mai kukan ya tambayi kansa yaushe rabon da ya biya kuɗin waƙar da ya ke ganin ta fi ma'ana. Mutum 2,000 masu ba da naira 500 ko wannensu sun tara naira miliyan 1, daidai da kyautar babban mutum guda, amma ba wanda zai kira mawaƙin da dare ya gaya masa wanda zai zaga gobe.

Abin da mu ke shawarta ba mai wuya ba ne. Mai albashi da ya yi niyyar barin haya, ya ware abin da ya saba biya ko wane wata, kada ya bar shi ya narke cikin kuɗin cefane. Ya zaɓi mawaƙi guda cikin waɗanda ya fi saurare a watan, ya sayi waƙarsa ta hanyar da shi mawaƙin ya buɗe, ko kuwa ya aika masa ta asusun banki in ya tabbatar asusun nasa ne, gama masu sojan gona da sunan mashahurai ba su da iyaka. In an yi wasa a gari ya je ya biya kuɗin ƙofa. A nan sai mu ɗan ja kunne: dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana liƙi da watsa takardun naira a wurin biki, hukuncinta kuwa ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyu. A sa a ambulan a miƙa, ya fi mutunci, ya kuma fi wuyar salwanta a ƙarƙashin ƙafafun 'yan rawa. Abin da aka saya a adana shi wuri biyu, don katin waya ba ya shawara kafin ya lalace. Wanda kuma ya ga ba zai iya rabuwa da rumbun nan mai waƙa miliyan 100 ba, ba mu ga laifinsa ba. Ya ɗauke shi kamar ɗanɗanon da mai goro ke bayarwa, in abu ya yi masa ya saya.

Akwai wani gyara da mawaƙa da kansu za su yi, don kada su zama gardawan da su ke kuka da su. Waƙa ba aikin mutum guda ba ce. Akwai 'yan amshi, akwai makaɗa, akwai mai haɗa sauti, wani lokaci ma wanda ya rubuta baitocin dabam ne da wanda ya rera. In kuɗi suka taho kai tsaye ga mai suna, ya kamata ko wannensu ya san rabonsa tun kafin a shiga ɗakin ɗaukar murya, a rubuce, da sa hannun shaidu. Haka kuma mawaƙin da ya sayar da haƙƙin waƙarsa ɗungum don kuɗin shan ruwa na yini guda, kome yawan masu saye ba zai ƙara ganin kome ba. Ga inda akawu da malami za su yi amfani ƙwarai. Wanda ya iya rubuta takardar cinikin gona, ba zai kasa taimakon makaɗin unguwarsu ya karanta takarda kafin ya dangwala hannu ba.

Saura na hukuma. Dabarar da kamfanin SoundCloud ya fara cikin 2021 ga waɗansu mawaƙa, ta cewa kuɗin ko wane mai biya su tafi ga waɗanda shi ya saurara, ta nuna za a iya warware matsalar malam da mai gurmi in an so; ya kamata wakilan mawaƙanmu su nemi irinta a wurin sauran kamfanoni. Game da masu turi kuwa, ba mu ga amfanin korarsu ba. Samari ne masu neman abinci, su ne kuma suka kai waƙa ƙauyukan da intanet ba ta da ƙarfi, kuma ko an kore su yau, gobe sai su kasa tebur a wani lungu. Abin da ya fi shi ne Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ta zauna da ƙungiyoyinsu da na mawaƙa, a ba su lasisi, su riƙa rubuta abin da suka tura, su biya wani abu sananne a kan ko wace waƙa. Kasuwa ce kafaffiya, ba abin da ta rasa sai littafin lissafi.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu cikin watan Maris na 2023, ta ba da ƙafar yin haka. Ta kuma tanadi cewa haƙƙin wanda ya tsara waƙa yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Shata ya rasu cikin 1999, sabo da haka bisa wannan lissafi haƙƙin waƙoƙin da ya tsara bai ƙare ba sai ƙarshen 2069. Na Barmani Choge, wadda ta rasu cikin 2013, sai 2083. Na Ɗan Maraya, wanda ya rasu cikin 2015, sai 2085. Waƙoƙinsu suna nan birjik a intanet da katunan waya, ana ta saurare dare da rana. Muna roƙon Hukumar ta fara da su: ta binciki waɗanda suka ɗora su, da wane izini, da kuma asusun da kuɗinsu ke shiga, sa'an nan ta sanar da magada abin da ta gano.